Littafi, Allo da Salula a Ajin Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin malaman firamare, daraktocin makarantu, ƴan kwamitin CGDES (kwamitin kula da makaranta) da iyayen yara a jahar Damagaram idan ana maganar kayan koyarwa na zamani. Mun amsa su daidai da halin da ajinmu yake ciki: yara da yawa, littafi kaɗan, zafi da ƙura, da wutar da ba a iya dogaro da ita.

Me ya sauya a harkar koyarwa a ƴan shekarun nan?

Babban sauyin shi ne na harshe. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin a nan Damagaram (Zinder) aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, sannan kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka ta yi gaba, amma littafin da yaro zai riƙe a hannu yana baya ƙwarai.

Sauyi na biyu, salula mai intanet ta shiga aljihun malamai da yawa, ta zama ɗakin ajiyar darussa ba tare da wani shiri na hukuma ba. Na uku, an rage tambayar yara nawa aka rubuta a makaranta, an koma tambayar yara nawa ne suka iya karatu. Wannan ta ukun ce ya kamata ta ja ragamar duk wani sayen kaya.

Malam, idan ɗana ya fara karatu da Hausa, ba zai makara a Faransanci ba?

Ba zai makara ba, in an bi tsari. Sau ɗaya ake koyon karatu a rayuwa, wato gane cewa baƙi yana wakiltar sauti, kuma idan aka haɗa baƙi da wasali ana samun gaɓa. Yaron da ya gane wannan a harshen da yake ji, aiki ɗaya ya rage masa a Faransanci: koyon harshen. Wanda aka fara masa da Faransanci yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, shi ya sa ake ganin ɗan CE2 (aji huɗu) yana rera shafi guda da ka, amma in aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi sai ya yi shiru.

Inda ake samun matsala wurare biyu ne. Na farko, a bar Faransancin baka har sai an kai CE1 (aji uku). Ya kamata tun CI (aji ɗaya) yaro yana jin sa yana furta shi kullum, ko da minti ashirin ne. Na biyu, a ƙi koyar da wuraren da rubutun harsunan biyu ya saɓa. Baƙin c na "ciki" ba shi ne na Faransanci ba, haka u da e da j, kuma sautin da Hausa take rubutawa sh Faransanci ch yake rubuta shi. Kowane ɗaya yana buƙatar darasinsa, a allo, gefe da gefe.

Kwamitinmu ya tara kuɗi kaɗan. Me za mu fara saye?

Abin karantawa na kowane yaro a CI da CP (aji biyu), sai ƙaramin allo da alli, sai fentin babban allo. Allon da ya koɗe ya yi fari-fari yana cutar da yara tamanin a kowace rana, gyaransa kuwa gwangwanin fenti ne da aikin yini ɗaya. Bayan haka akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiyar littattafai, saboda gara da ɓera da ruwan damina. Na'ura tana zuwa ne bayan waɗannan. Makarantar da yara biyar suke leƙen littafi ɗaya ba ta kai maganar kwamfuta ba tukuna, komai kyan tayin da aka kawo mata.

Yaya makaranta za ta buga ƴan littattafan karatu da kanta?

Littattafan hukuma, waɗanda cibiyar INDRAP take shiryawa a Yamai, su ne ginshiƙi, amma ba su isa su sa yaro ya goge ba. Yana buƙatar gajerun labarai masu yawa daidai ƙarfinsa, kuma malamai uku ko huɗu za su iya haɗa su.

A fara da rubutun. Littafin CI ana gina shi ne da baƙaƙen da aka riga aka koyar kawai. In yara sun san a, n, k da m, to jimlolin su ne irin "Kaka na nan" da "Mama na nan", babu "tsuntsu" babu "gwanda", sai an kai ts da gw. Jimla ɗaya a shafi, kalma uku zuwa biyar, da hoto ɗaya da ke taimakon ma'ana ba tare da ya tona dukkan jimlar ba. In hoton ya faɗi komai, yaro zai karanta hoto ya bar baƙi. A CP a kai jimla biyu ko uku. Labarin ya fito daga abin da yaro ya sani: amalanken ɗibar ruwa, ranar kasuwar Mirya, hawan salla a ƙofar fada, akuyar da ta shiga gonar gyaɗa.

Girman baƙi a kwamfuta: wajen 24 zuwa 28 a CI, 18 a CP, 14 daga CE1. A bar fili tsakanin layuka, kada a matse rubutu don tsimin takarda.

Sai lissafin takarda. Takardar A4 idan aka naɗe ta biyu tana ba da shafi 4, don haka yawan shafukan littafi dole ya rabu da 4: shafi 8, 12 ko 16. Littafi mai shafi 16 yana cin takarda 4, ke nan kunshi ɗaya mai takarda 500 zai ba da kwafi 125, ban da bango da wanda zai lalace. A nemi takarda mai nauyin giram 80. Wadda ta gaza haka rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Bango kuma kwali mai giram 160 zuwa 200. Wurin jera shafuka ne aka fi yin kuskure: a takardar waje shafi na 16 yana hagu, na 1 yana dama, a bayanta na 2 da na 15, haka har tsakiya inda 8 da 9 suke haɗuwa. Manhajar Bloom, wadda ƙungiyar SIL take bayarwa kyauta, tana yin wannan jerin da kanta ta fitar da PDF, kuma tana nuna kalmar da ta ƙunshi baƙin da ba a koyar ba tukuna.

Kafin a buga da yawa, a buga kwafi ɗaya, a naɗe, a ba yara uku su karanta a gaban malami. Duk inda biyu daga cikinsu suka tsaya, jimlar ce ke da gyara. A ɗinke da ƙusar takarda biyu a tsakiya, ko da allura da zaren lilo, wanda ya fi daɗewa domin ba ya tsatsa, sannan a bi ƙashin bayan da salatif mai faɗi. Injin da ke aiki da garin tawada ya fi dacewa da mu: tawadar ruwa tana bajewa in gumi ko ruwa ya taɓa ta, kuma bakin injin yana bushewa ya toshe a lokacin hutu.

Na rubuta ƙ da ɗ daidai, amma a wurin mai fotokofi sun koma akwati-akwati. Me ya jawo?

Kwamfutarsa ba ta da samfurin baƙin da kuka yi rubutu da shi, wanda ta maye gurbinsa da shi kuma ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa. Maganin biyu ne: a yi rubutu da samfurin da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kamar Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu, sannan a kai aikin a PDF, kada a kai shi a Word. A salula, a ƙara Hausa cikin harsunan Gboard. In an danne k ko d ko b, mai lanƙwasar zai fito.

Kada a yarda da shawarar "a bar su haka, ai za a gane". Babba zai gane daga ma'ana, amma yaron da ke haɗa baƙi zai karanta abin da ya gani, kuma kafa daban, ƙafa daban.

Za mu iya amfani da littattafan Hausa na Kano da Zariya?

Ƙwarai, musamman daga CE2 zuwa sama, don karatun nishaɗi. Sai dai a lura da abu uku. Rubutun Najeriya yana sa 'y inda namu yake sa ƴ, sai a nuna wa yara tun farko. Akwai kalmomin aro daga Ingilishi da yaranmu ba su saba ji ba. Na ukun ya fi nauyi: littafin lissafi. Yaron Damagaram da dala yake ƙirga kuɗi, ya san dala ashirin ita ce ke da 100 a rubuce a jikinta, jika kuma 1000. Darasin da aka gina a kan naira ba zai warware masa wannan ninki biyar ɗin ba, kuma nan ne yara da yawa suke rikicewa. Wannan darasi sai mu za mu rubuta shi.

A gida ma akwai masu bugu: Gashingo a Yamai ta fitar da littattafan yara cikin harsunan ƙasa, akwai kuma jerin littattafan Albasa da ake samu a ɗakunan karatun wasu makarantu.

Halal ne mu yi fotokofin littafin wani?

Littafin da mawallafi ya buga don sayarwa, a'a. In kowace makaranta ta sayi kwafi ɗaya ta ninka shi ɗari, mawallafin ba zai mayar da kuɗinsa ba, ba zai buga na gaba ba, mu ne kuma za mu dawo muna kukan babu littafin Hausa. Amma akwai rumbunan da aka buɗe don a kwafa: African Storybook, StoryWeaver, Bloom Library da Global Digital Library duk suna da labaran yara da Hausa ƙarƙashin lasisin Creative Commons. A duba alamar da ke jikin kowane littafi. BY na nufin a ambaci marubuci da mai zane, NC na nufin ba na sayarwa ba ne, ND kuma ba a yarda a sauya komai ba, har da gyara shi zuwa Hausarmu.

An yi mana alkawarin kwamfutocin hannu 20. Wane irin sola za su buƙata?

A yi lissafin kafin kayan su iso, domin sau da yawa ana kawo na'ura a manta da abin cajinta. Kwamfutar hannu mai batirin 5000 mAh tana ɗaukar wajen 19 Wh (ma'aunin yawan wuta). Guda 20 sun kama 380 Wh, in aka ƙara asarar da ake yi a waya da caja, a ce 500 Wh a yini. Rana ba ta yi mana rowa ba, amma a yi lissafi da awa 5 na rana mai ƙarfi, a kuma ɗauka kashi 70 cikin 100 kawai faifan sola zai bayar saboda zafi da ƙura. Faifai mai 150 W zai ba da wajen 525 Wh, wato daidai wa daida babu rara. Mai 200 W shi ne kwanciyar hankali. Da shi a haɗa na'urar daidaita caji mai 20 A, da batir mai 12 V, 100 Ah. Wannan batir 1200 Wh ne a rubuce, amma in na dalma ne rabi kawai ake taɓawa.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da na'urar daidaita caji, sannan faifai. Wajen kwancewa a fara cire faifai. A sa fis kusa da kan batir. Faifan ya fuskanci kudu, a karkace shi wajen digiri 15, a bar fili tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa. Inuwar reshen bedi ɗaya a kan kusurwa tana iya karya ƙarfin faifan gaba ɗaya, don haka a duba wurin da safe da kuma bayan azahar. In da hali a yi caji kai tsaye daga 12 V zuwa USB. Bi ta injin da ke mayar da wuta 220 V asara ce kawai.

Guda 20 a ajin yara 80 na nufin aiki rukuni-rukuni. Yara biyu a na'ura ɗaya yana tafiya, huɗu kuwa ɗaya ne ke aiki, uku na kallo. Gara a raba ajin biyu: rabi na kan na'ura minti 25, rabi na kan littafi da allo, sannan a juya. A rubuta lamba a bayan kowace, a toshe damar saukar da wasanni, a kuma rubuta sunan malamin da makulli ke hannunsa. Tun ranar farko a tambayi masu bayarwa: wa zai gyara gilashin da ya fashe, kuma da kuɗin wa? In babu amsa, kwamiti ya ware wani abu duk wata.

Me ya sa batirinmu ya mutu cikin shekara ɗaya?

Zafi da zuƙewa. Batirin dalma an yi lissafin rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta kusan rabi. Ofishin darakta mai rufin kwano a watan Afrilu da Mayu ya wuce 40 nesa ba kusa ba. A ajiye batir a ɗaki mafi sanyi, ƙasa-ƙasa, a kan katako, inda iska ke shiga. Sai zuƙewa: da zarar unguwa ta gane akwai caji a makaranta, saluloli talatin za su hau layi, batir ya kwana a ƙasa, washegari bai cika ba an sake zuƙe shi. Wata uku a haka sun isa su kashe shi. Na uku, ƙurar hunturu: faifan da ba a goge ba mako biyu ba ya cika batir. A goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Batirin mota kuma ba na wannan aiki ba ne, ko da ya fi araha.

Su ma kwamfutocin hannu kada a yi musu caji a rana ko cikin akwati a rufe. Wadda bayanta ya kumbura a janye ta daga hannun yara nan take.

Majigi ko talabijin?

A ajin da haske ke shigowa ta ko'ina, ƙaramin majigi mai arha ba ya nuna komai sai an rufe tagogi, in an rufe kuma zafi ya hana zama. Mai hasken da zai yi aiki da rana yana cin wuta 250 W zuwa 300 W, matatar iskarsa kuma tana toshewa da ƙura. Talabijin mai inci 32 ba ta cin fiye da wajen 50 W, tana kuma jure haske, amma daga benci na biyar ba a karanta rubutunta. Ta dace da nuna abin da allo ba zai iya ba, kamar zagayen jini ko yadda ƙasa ke juyawa, na minti goma, yara sun matso gaba.

Nijar ta riga ta gwada koyarwa ta talabijin tun 1964, kuma darussan sun yi suna, amma shirin bai kai ga yawancin yaran ƙasa ba. Duk mai kawo allo mai haske yau ya kamata ya fara da tambayar yadda zai kai shi aji na ɗari da na dubu.

Ƙauyenmu babu rezo. Mun fita daga lissafi ke nan?

A'a. Yawancin abin da aji ke buƙata ba ya son intanet kullum, sau ɗaya ake sauke shi. Wanda ya shiga gari ya sauke a katin ajiya, a rarraba ta Bluetooth ko Xender. Kiwix tana buɗe Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ba tare da rezo ba, Bloom Reader tana buɗe littattafan yara, wasu har da murya, Kolibri kuma tana mayar da kwamfuta ɗaya rumbun da sauran na'urori za su shiga ta wifi na cikin aji. A sayi katin ajiya a wurin amintacce, domin akwai na jabu da ke nuna 64 GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Alamarsa fayiloli su riƙa lalacewa bayan an cika shi. A riƙe kwafi biyu a hannun mutum biyu.

Wane amfani salular malami za ta yi, ban da WhatsApp?

Shi kansa WhatsApp ɗin yana da amfani in an tsare shi: zaure ɗaya na malaman CAPED (rukunin malamai masu haɗuwa don ƙara wa juna sani) guda, na takardun shirin darasi kawai, ban da gaisuwar Juma'a da tallan kaya. Malami zai iya naɗar muryarsa yana karanta labarin mako, a tura wa iyaye, yaro ya bi da yatsa a littafi a gida ko da uwar ba ta yi boko ba. Da ƙaramar lasifika mai caji, aji zai ji Faransanci daga bakin wani ban da malaminsa. Zai kuma iya ɗaukar kansa yana koyarwa na minti goma ya kalla shi kaɗai. Nan zai ga ko ƴan bencin gaba kawai yake tambaya. Hoton fuskar yara kuwa ba a yaɗa shi sai da iznin iyaye.

Manhajojin da ke rubutu da kansu, irin ChatGPT, suna iya ba da daftarin tambayoyi ko labari, amma Hausarsu takan zo da ginin jimlar wani harshe, sukan yar da lanƙwasa, sukan kuma ƙirƙiro abin da babu shi da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da suka rubuta sai malami ya karanta shi da babbar murya, ya gyara, kafin ya kai gaban yara.

Ajinmu rumfar zana ce. Akwai abin da ya dace da mu?

Batir da wayar wuta ba sa shiga rumfar zana, ko kusa. Gobarar Yamai a watan Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban 2021 sun ci rayukan yara ƙanana a irin waɗannan azuzuwa. Caji a ginin ƙasa ko na siminti, nesa da rumfa. Abin da ya dace da ku shi ne allon katako mai ƙafa, ƴan littattafai a jakar leda mai kauri da ake mayarwa ofis kullum, da manyan katunan baƙaƙe da aka lulluɓe da salatif. Rumfar ta kasance da ƙofa biyu.

Ta yaya za mu san ko duk wannan yana aiki?

Da gwajin da ba ya cin ko dala. A shirya takarda ɗaya mai hawa huɗu: baƙaƙe goma, kalmomi goma, gajeren sakin layi mai jimla huɗu, da labari mai kalma wajen sittin. A kira yaro shi kaɗai, a fara masa da sakin layi. In ya iya a hau da shi labari, in ya kasa a sauko kalmomi, in ya kasa a sauko baƙaƙe. A rubuta hawan da ya tsaya. Wanda ya kai labari a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta, domin akwai mai gudu ba fahimta.

A yi wannan a watan Oktoba, a maimaita a Janairu da Mayu da wani rubutun mai nauyi iri ɗaya, kada yara su haddace. Sakamakon Oktoba shi zai raba yara rukuni-rukuni na awa ɗaya a yini, kowa da ƴan hawansa, ba tare da duba ajin da yake ba. A karanta alƙaluman a taron CGDES a gaban iyaye, ba tare da kiran sunan yaro ba: yara nawa ke hawan baƙi, nawa suka kai labari. In an kai Janairu adadin ƴan hawan baƙi bai ragu ba a ajin da aka ba na'ura, a janye awannin na'urar a mayar da su karatun rukuni har zuwa gwajin Mayu.